A gaya wa yaranmu akwai aikin kwangila da saye-saye a hukumomin leƙen asiri

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikatan gidanga naku. Ni mai sauraronku ne tun da daɗewa daga nan Gusau. Na yi shekara 31 ina aikin gwamnati, na fara daga sito ina ƙirga rim ɗin takarda da galan ɗin mai, har na ƙare a sashen saye-saye da kwangila na wata ma'aikata kafin in aje aiki.

Abin da ya sa na zauna wanga rubutu shi ne ɗan ƙanena. Yaron ya yi babbar difloma a fannin akanta, ya gama bautar ƙasa, shekara biyu yana zaune gida, sai wani mutum ya zo ya ce mai yana da hanya a hukumar tsaro ta farin kaya, a kawo kuɗi a saya mai gurbi, uwar yaron ta saida tumakinta biyu da ta daɗe tana kiwo anka haɗa da ɗan abin da ke hannu anka tura, tun ranar lambar mutumin a kashe take. Raina ya ɓaci ƙwarai, don hukumar da kanta ta sha fitar da sanarwa cewa ba ta saida aiki kuma a yi hattara da 'yan damfara. Amma abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne da na tambaye shi, to wane aiki kake zaton za ka yi can in an ɗauke ka, sai ya ce Baffa ai baƙin kwat da baƙin gilashi, a tsaya bayan gwamna. Yaron da ya yi shekara huɗu yana karatun lissafin kuɗi fa, bai taɓa kawowa a ransa ba cewa karatun nasa shi kansa abin nema ne a irin waɗanga wurare.

Malam Edita, hukumomin leƙen asirin ga uku ne. A 1986 zamanin Janar Babangida anka rushe tsohuwar hukumar tsaron ƙasa ta NSO anka raba ta, anka samu DSS, wato ta farin kaya, mai kula da cikin gida, da NIA mai kula da ƙasashen waje, da DIA ta ɓangaren soja. Ko wace ɗaya a cikinsu tana sayen kaya kamar kowace ma'aikata har ma ta fi. Mota da tayarta da manta, janareto, kwamfuta, oba-oba da batiranta, na'urorin sadarwa, gina ofis da gyaransa, hayar gida, abincin masu horo, har takardar rubutu. Duk waɗanga ba daga sama suke faɗowa ba, akwai wani mutum zaune a tebur da fayil gabansa wanda shi ke rubuta ainihin abin da ake so, ya bi kasuwa ya san farashi, ya binciki kamfanin da ya nemi aikin, ya rubuta sharuɗɗan yarjejeniya, kuma ranar da kaya sunka iso shi ka tsayawa ya duba ko abin da anka biya shi anka kawo.

Mutane na raina wanga aiki suna cewa ai aikin takarda ne. To bari in ba ka misali da abin da ya faru da ni. Wata shekara an ba wani ɗan kwangila aikin kawo mana sabon janareto, ya kawo, an yi mai fenti yana ƙyalli, kowa na ta yabo. Ni dai na durƙusa na leƙa lambar injin na gwama da ta jikin takarda na ga ba su zo ɗaya ba, na kira wani makaniki ya buɗe, ashe tsoho ne anka wanke anka fesa. Na ce ba ni sa hannu a takardar karɓa. An lallashe ni, an aiko mani da ambulan har gida cikin dare, da na maida sai anka koma tsoratarwa, ƙarshe dai anka canza mani wurin aiki na kusan shekara biyu. Wannan fa janareton ofis ne, in ya mutu iyaka mu sha zafi mu yi fifita da fayil. Yanzu ka ɗauka oba-oba ce anka sayo jabu, ko motar da ya kamata ta shiga daji anka sa mata tsohuwar taya, ko na'urar bin diddigin waya anka sayo ba tare da yarjejeniyar gyara da kayan canji ba, ta yi wata shida ta tsaya babu mai taɓa ta. Wa zai biya kuɗin wanga sakaci? Mutumin Dansadau da na Zurmi da na Tsafe, da jami'in da anka tura da kayan da ba su aiki.

Mu nan Zamfara ba labari anka ba mu ba. Mun ga daren da anka kwashe 'yan matan makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, mun ga lokacin da anka katse layukan waya a jihar ga a Satumbar shekarar, mutum sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya ji muryar ɗansa. Maƙwabtanmu na Kebbi su ma sun ga na 'yan makarantar Birnin Yawuri. Duk lokacin da irin haka ta faru sai ka ji ana cewa a inganta tattara bayanan sirri, to ai bayanan sirri da kayan aiki ake tattara su, kayan aiki kuma wani ka sayo su.

Ga inda abin yake da nauyi. Dokar saye-sayen gwamnati ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP mai sa ido kan kwangilolin gwamnati, ta shimfiɗa ƙa'ida cewa a tallata aiki a jarida, kamfanoni su yi takara, a buɗe tanda, wato takardun tayin kamfanonin, a bainar jama'a, manyan ayyuka kuma sai an samu takardar amincewar hukumar kafin a ba da su. Amma dokar da kanta ta ware kayan musamman da sunka shafi tsaron ƙasa, ta ce ba ta hawa kansu sai in shugaban ƙasa ya amince. Kuma ni ban ga laifin hakan ba, don ba ka iya bugawa a jarida cewa ga irin na'urar da kake nema don kama ɓarayin daji, ai ka gaya musu ke nan. Sai dai duk inda anka rufe ƙofa anka ce ba mai leƙe, to abin da ya rage mai tsaron dukiyar jama'a shi ne mutumin da ke cikin ɗakin da tsoron Allahnsa da ƙwarewarsa. Mun ji shari'ar dala biliyan 2.1 na sayen makamai da anka zargi ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro na lokacin, Sambo Dasuki, wanda anka kama a 2015. Mun ji na Afrilun 2017 da EFCC ta tarar da dala miliyan 43 da ɗoriya a wani gida a Ikoyi can Legas, NIA ta ce kuɗinta ne, daga baya anka sallami shugabanta. Ni ba alƙali ba ne, amma a matsayina na wanda ya tsufa cikin boca da rasit na san kuɗi ba su fita sai wani ya rubuta wani ya sa hannu.

Shi ya sa nake son yaranmu su shiga wanga layi da gangan, da karatu, ba ta hannun dillalan ƙarya ba. Wanda ya karanta akanta, ko saye da adana kaya, ko lauya, ko injiniya, ko kimanta kuɗin gini, ko kwamfuta, duk yana da abin yi a teburin ga, don kwangilar na'ura sai da mai sanin na'ura, yarjejeniya kuma sai da lauya ya tace ta. Muna da Jami'ar Tarayya nan Gusau, da kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙauran Namoda, da ta Abdu Gusau a Talatar Mafara, ga ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi. In yaro ya gama ya ƙara da jarrabawar cibiyar ƙwararrun saye-saye ta ƙasa, CIPSMN, ya zauna ya karanta dokar 2007 ɗin nan sashe-sashe don tana nan a intanet kyauta, ya san mi ake nufi da takardar shaidar biyan haraji da rajistar kamfani ta hukumar CAC da ta fansho da ake nema wurin ɗan kwangila. Ko bai samu hukumar tsaro ba wanga ilimi ba ya faɗuwa ƙasa, asibiti na nemansa, jami'a na nemansa, ƙungiyoyin agaji ma haka.

Amma a gaya musu gaskiya tun yanzu, aikin ba na mai son a san shi ba ne. Za a binciki asalinka da halinka da abokanka kafin a yarda da kai, ba ka hawa Facebook ka ce yau ga abin da munka sayo, ko matarka ba komai za ka faɗa mata ba. Kuma jarabawar tana da zafi, ranar da albashi ya ƙare ranar ce ɗan kwangila ka sallama da buhun shinkafa, ga 'yan'uwa na cewa kana kan kujera ka hana kamfanin ɗan gida. Na ɗanɗana wannan a ƙaramar ma'aikata, balle inda kuɗin sunka fi yawa kuma ido ya fi ƙaranci.

Roƙona gare ka Malam Edita, ku ware shiri guda a kan wagga magana. Ku gayyato wani tsohon jami'in saye-saye da malamin jami'a da wani daga hukumar raba daidai ta tarayya, su yi bayani da Hausa yadda ake neman aikin gwamnatin tarayya ta hanyar da ta dace da kuma haƙƙin kowace jiha a ciki, a buɗe waya iyaye su yi tambaya. Kuma don Allah a sa shi bayan sallar isha'i, lokacin ne mutanen ƙauye ke kusa da rediyo, uwar yaron ga ma lokacin take saurare.

Naku,
wani tsohon ma'aikacin sito da kwangila,
daga Gusau, jihar Zamfara.