Yajin Aikin Masu Ƙera Motoci a Amurka: Daga Aljihun Wa Asarar Ta Fita?

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu in tofa albarkacin bakina kan sharhin da kuka buga kwanakin baya game da yajin aikin ma'aikatan ƙera motoci na Amurka. Mai sharhin ya tattaro alƙaluman asarar da kamfanoni suka yi, ya jera su, sannan ya yanke hukunci cewa yajin aiki shi ke kashe masana'anta, shi ke korar aiki daga ƙasa. Abin ya tsaya mini a rai, domin na yi shekara goma sha bakwai ina tsaye a gaban inji a wata ƙaramar masana'anta a Kakuri, mai buga kayan ƙarfe tana sayar wa manyan kamfanoni. Alƙalumansa ban musa su ba. Abin da ya tsallake shi ne tambayar da duk ma'aikaci kan fara yi: wannan asara daga aljihun wa ta fita, kuma wa ya mayar da tasa, wa bai mayar ba?

Ruwa ba ya tsami banza. Tun a 2007 ƙungiyar ma'aikatan motoci ta UAW ta amince a raba ma'aikata gida biyu, sabon ɗauka ya karɓi ƙasa da abin da tsohon ma'aikaci ke karɓa, ko da kuwa a layi ɗaya suke ɗaure kusa iri ɗaya. Da General Motors da Chrysler suka durƙushe a 2009 gwamnati ta ceto su da kuɗin jama'a, ma'aikata suka sake sadaukar da ƙarin da ake yi musu duk lokacin da kayan masarufi suka yi tsada. An ce musu a yi haƙuri har kamfani ya farfaɗo. Kamfani ya farfaɗo, riba ta dawo, amma abin da aka karɓe bai dawo ba. Sabon ma'aikaci sai ya yi shekara takwas kafin ya kai cikakken albashi, ga kuma 'yan wucin gadi da ke shekaru ba a tabbatar da su ba. A 2022 kuwa shugabar General Motors, Mary Barra, ta tashi da kusan dala miliyan 29 ita kaɗai. Wanda bai san wannan tarihi ba zai ɗauka mutane ne kawai suka wayi gari suka ajiye aiki.

Ranar 15 ga Satumba 2023 aka fara, kuma shi ne karo na farko da ƙungiyar ta tunkari General Motors da Ford da Stellantis, wanda Chrysler ya koma ƙarƙashinsa, a lokaci guda. Shugabanta Shawn Fain bai fitar da mutanensa duka ba. Masana'antu uku kawai aka fara rufewa: ta General Motors a Wentzville, ta Ford a Wayne cikin jihar Michigan, da ta Stellantis a Toledo inda ake ƙera Jeep. Ma'aikata kusan 13,000 ke nan daga cikin kusan 150,000. Daga nan duk kamfanin da ya yi taurin kai sai a ƙara masa, kuma ba ya sanin inda za a taɓa gobe. Ranar 11 ga Oktoba aka rufe wa Ford masana'antarsa ta Kentucky mai ma'aikata 8,700, wadda ke fitar da manyan akori-kura, wato inda ribarsa ta fi tsoka. Bayan mako biyu Ford ya sauko. Stellantis ya biyo baya ranar 28 ga Oktoba, General Motors ranar 30. An samu ƙarin albashi na kashi 25 cikin ɗari a tsawon shekara huɗu da rabi, an dawo da ƙarin tsadar rayuwa, shekara takwas ɗin nan ta koma uku. Ba duk abin da suka nema suka samu ba. Batun rage sa'o'in aiki zuwa 32 a mako dai an bar shi.

To, yanzu ga asarar da mai sharhinku ya dogara da ita. General Motors ya ce yajin ya ci masa dala biliyan 1.1. Ford ya ce biliyan 1.7. Stellantis ya ce ya rasa cinikin kusan Yuro biliyan 3. Kuɗi ne masu yawa, ba na raina su. Amma a ajiye su kusa da ribar wannan shekarar dai: General Motors ya rufe 2023 da ribar fiye da dala biliyan 10, Ford da fiye da biliyan 4, Stellantis da fiye da Yuro biliyan 18. Kuma wata ɗaya kacal bayan an koma aiki, a ƙarshen Nuwamba, General Motors ya sanar da cewa zai kashe dala biliyan 10 wajen sake sayen hannun jarinsa daga kasuwa, ya kuma ƙara wa masu hannun jari rabon riba. Farashin hannun jarin da ya yi ƙasa a watan Oktoba ya yi tsalle a ranar da aka yi wannan sanarwa. Kamfanin da yajin aiki ya karya ba ya yin haka. Mai hannun jari ya ji tsoro na 'yan makonni, sannan ya mayar da nasa har da ƙari.

Waɗanda ba su mayar ba su ne ba a rubuta labarinsu, kuma saboda su na ɗauki alƙalami. Mota ba a wuri ɗaya ake yin ta ba. Wani ke yin kujera, wani gilashi, wani waya, wani ƙaramin ƙarfen da ke riƙe salansa. Babbar masana'anta ba ta tara kaya a sito, kullum ake kawo mata abin da za ta yi aiki da shi a ranar. Saboda haka da zarar layi ya tsaya, oda ta tsaya wa kowa a bayansa. An ga haka tun makon farko: da aka rufe Wentzville, General Motors ya tsayar da masana'antarsa ta Fairfax a Kansas, mutum kusan 2,000 suka zauna a gida saboda babu ƙarafan bodi da ake kawo musu daga can. Su dai 'yan ƙungiya ne, kuma a lokacin ƙungiya tana da asusun yaji na dala miliyan 825, tana ba mai yaji dala 500 a mako. Ma'aikacin ƙaramin kamfanin da ke kawo kaya fa? Da yawansu ba su cikin ƙungiyar. Ba su jefa ƙuri'ar shiga yaji ba, ba su da rabo a asusun, kuma da aka raba kashi 25 babu sunansu.

Jiki magayi, Malam Edita. Mu a Kakuri ba sai an yi yaji ba ma, duk lokacin da manyan masu sayen kayanmu suka rage oda, takarda kawai ake mannawa a bakin get a ce a je gida sai an neme mu. Na taɓa yin wata uku a haka ba ko kwabo, ga kuɗin makaranta, ga mai gidan haya. Mai sayar da kokon da ke bakin get ita ma ta tattara ta tafi, domin mu ne kasuwarta. Saboda haka idan na ce yajin aiki yana da ciwo, na san abin da nake faɗa. Sai dai ciwon yana sauka ne a kan na ƙasa, ba a kan wanda jaridu ke lissafa wa biliyoyi ba. Wannan ma nauyi ne a kan ƙungiyoyin ƙwadago kansu, su daina mantawa da waɗannan mutane idan sun zauna teburin sulhu.

A kasuwar motoci kuwa abin bai kai yadda aka tsorata mutane ba. Dillalai sun shiga yajin da motoci a ajiye, kuma Toyota da Honda da Hyundai da Tesla ba su daina aiki ba ko kwana ɗaya. Inda aka fi jin jiki shi ne kayan gyara, tun da aka rufe rumbunan rarraba su guda 38 na General Motors da Stellantis ranar 22 ga Satumba, motoci suka yi ta zama a gareji ana jiran kaya. Ford ya ce sabuwar yarjejeniya za ta ƙara kimanin dala 900 a kan kuɗin ƙera kowace mota. Wannan zai iya biyo tokumbo har zuwa Kwatano da Legas, amma mu nan mun san cewa faɗuwar naira tun watan Yunin 2023 ita ta ninka mana farashin mota, ba albashin wani ma'aikaci a Michigan ba.

Sai babbar magana, wato aikin yi. A nan dole in yi adalci. Shugaban Ford, Jim Farley, ya faɗa a farkon 2024 cewa bayan wannan yaji kamfaninsa zai sake tunani kan inda zai riƙa ƙera motocinsa, kuma kowa ya san Meziko na nan kusa da araharta. Stellantis ya sallami ma'aikata a wasu masana'antunsa a 2024. Tsadar ma'aikaci tana shiga lissafin mai jari, wannan ba ƙarya ba ne. Amma a duba jerin abubuwa yadda suka faru. General Motors ya daina ƙera mota a Lordstown ta jihar Ohio a watan Maris 2019, wata shida kafin ma'aikatansa kusan 48,000 su shiga yajin kwana 40 na wannan shekarar. Stellantis ya tsayar da masana'antar Belvidere ta jihar Illinois a Fabrairun 2023, wata bakwai kafin a fara yaji. Rufewa ce ta riga yaji a wuraren nan biyu. A Belvidere ma yajin ne ya sa kamfani ya rubuta alkawarin sake buɗewa, ko da yake daga baya ya ɗage lokacin, ƙungiya ta yi barazanar sake ajiye aiki. A ganina wannan sharaɗi na zuba jari, da 'yancin da yarjejeniyar ta bayar na yin yaji idan aka rufe masana'anta, sun fi kashi 25 ɗin muhimmanci, domin ƙarin albashi ba ya amfanar wanda aka kulle wa get.

Akwai kuma abin da sharhin bai ambata ba ko kaɗan. Cikin makonni da kammala yarjejeniya, Toyota da Honda da Hyundai suka ƙara wa ma'aikatansu na Amurka albashi, alhali babu ƙungiya a masana'antunsu. Honda ya ƙara kashi 11, Hyundai ya yi alkawarin kashi 25 zuwa 2028. Sun yi ne don kada mutanensu su yi sha'awar shiga ƙungiya. Duk da haka a Afrilun 2024 ma'aikatan Volkswagen na Chattanooga suka zaɓi shiga UAW, a Mayu kuma na Mercedes a Alabama suka ƙi. Dubban iyalai da ba su yi yaji ko na sa'a ɗaya ba sun ga canji a albashinsu, kuma wannan kuɗi a kantunan garuruwansu zai ƙare.

Mu 'yan Najeriya ya kamata mu fi kowa taka tsantsan da wannan magana ta cewa yaji ke kashe masana'anta. Stellantis ɗin nan shi ne ya mallaki Peugeot tun 2021, kuma mun san lokacin da masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1975, take fitar da 504 har ta zama motar gwamnati da ta haya a duk faɗin ƙasar nan. Muna da Steyr a Bauchi, da ta manyan motocin Fiat a Kano, da Volkswagen a Legas, da Leyland a Ibadan, da ta Mercedes a Inugu. Duk wanda ya rayu a wancan zamani ya san abin da ya kwantar da su: karyewar naira tun daga shirin tsuke bakin aljihu na 1986, rashin kuɗin waje na shigo da kayan haɗi, rashin wuta, kwararowar tokumbo, da gwamnati da ta daina sayen abin da ake haɗawa a gida. Ma'aikatan Kakuri sun yi haƙuri, sun yarda da rabin albashi a wurare da dama, aikin ya tafi duk da haka.

Yarjejeniyar Amurka za ta ƙare ranar 30 ga Afrilu 2028, kuma Fain ya zaɓi wannan rana ne da gangan don ta faɗa daidai da jajiberen ranar ma'aikata ta duniya. Roƙona gare ku shi ne, idan lokacin ya zo kuka sake ɗauko labarin, ku nemo mana halin da masu yin kujera da gilashi da waya suka shiga, nawa aka sallama, nawa aka mayar. Kafin nan ma, ku turo wakilinku Kakuri ya zauna da waɗanda suka rage cikinmu, ya ji yadda aka rufe mana get ɗaya bayan ɗaya.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani tsohon ma'aikacin masana'anta,
Kakuri, Kaduna.