Matan Arewa da kuri'a, kar a manta da Gambo Sawaba

Edita barka da aiki. Ina so a rika tunawa yaranmu cewa 'yancin kada kuri'ar da matan Arewa ke da shi yanzu ba daga sama ya fado ba, don matan kudu sun riga su tun kafin 1960 amma namu sai a 1976 a zaben kananan hukumomi, sannan tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da shi. Ai mata irin su Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU sun sha duka da gidan yari, har aske mata gashi aka yi da kwalba saboda wannan magana. Wallahi abin na ba ni takaici yanzu in ga yarinya da katin zabe a jaka ba ta ma san sunanta ba. Don Allah ku ware mana shafi kan irin wadannan bayin Allah.

Wassalam.