Wasiƙa zuwa Minnesota: ƙofa biyu ko ƙofa huɗu

Houston, Texas

Aminina Dakta,

Assalamu alaikum. Bayan dubun gaisuwa, ina fata kana lafiya, da Madam da yara. Yaya sanyi? Na ji an ce har kun fara share ƙanƙara a ƙofar gida, mu kuwa nan har gobe gumi muke yi. Allah ya sanya albarka a sabon aikin. Wanda ya yi shekaru yana kwana a asibiti a kan albashin ɗan koyo, ranar da ya ce zai hau mota mai kyau babu mai ganin baikensa.

Na ga hotunan da ka turo ta WhatsApp, da 'yar takardar da yaron dila, wato mai sayar da motocin, ya rubuta maka kuɗin wata na lis, wato hayar mota, a kai. Saƙon murya ba zai ɗauki maganar ba, shi ya sa na zauna na rubuta. Tun daga hotunan na gane inda zuciyarka take: mai ƙofa biyun, BMW 430i, ka ɗauke ta ta gaba, ta gefe, ta baya, har da sitiyari, ita kuwa mai ƙofa huɗun, 330i, hoto ɗaya tak, shi ma daga nesa. Ba shawara kake nema ba, mutumina, mai sa maka albarka kake nema. To ni dai ba zan sa ba.

Buɗe gaban motocin nan biyu ka leƙa. Inji ɗaya ne, silinda huɗu, lita 2 mai turbo, ƙarfin doki 255, giya mai hawa takwas. Kafin 2013 ma sunansu ɗaya, duk 3 Series ake ce musu, sai daga baya BMW ya ware mai ƙofa biyun ya raɗa mata 4 Series. Wato za ka ƙara dala dubbai ne don a rage maka ƙofa biyu da mazaunin mutum ɗaya, tunda mutum huɗu take ɗauka, ɗayar kuwa biyar. Kyau kam tana da shi, ban musa ba. Rufinta ya kwanta, ta fi zama ƙasa, in ta sha kwana kana jin ta a jikinka. Amma kai mai 'ya'ya biyu ne da doka ta ce sai an ɗaure su a kujerar yara. Ka hango kanka da asuba, ana sanyin nan naku mai fasa leɓe, ka kwantar da kujerar gaba, ka dunƙule ka cusa rabin jikinka baya kana lalubar bel ɗin ƙaramin. Ka ce Hajiya za ta zo muku da bazara. Da wace gwiwa za ta shiga baya? In ka sa ta gaba, Madam ce za ta tattare mayafi ta kutsa, kuma ka san ba a nan maganar za ta ƙare ba. Ranar Juma'a ma ka gwada shiga da zanna bukar a kanka ka ga yadda za ku kwashe da rufin.

Akwai kuma abin da ba ya fitowa a hoto. Ƙofofinta dogaye ne, a matsattsen wurin ajiye motoci irin na asibiti sai ka yi dabara kafin ka fito. Gilashin ƙofar ba shi da firam, dole ya ɗan sauka da kansa duk sanda aka buɗe, in ƙanƙara ta kama shi kuwa sai ya ƙi. Mu a Texas wannan ba damuwarmu ba ce, ku kuwa kusan rabin shekara kuna cikinta. Kowacce ka ɗauka dai ka nemi mai xDrive, wadda duk tayoyinta huɗu ke ja, ka kuma tanadi tayoyin hunturu.

Su kansu kamfanonin suna janye jiki daga masu ƙofa biyu. Honda ya daina yin Accord irinta bayan 2017, Infiniti ya rufe Q60 a 2022, Mercedes ya haɗe ta C-Class da ta E-Class a 2023 ya fito da guda ɗaya, CLE ɗin nan da ka ce ka leƙa. Kada ka ce wannan labarin 'yan mota ne kawai, aljihunka ya shafa. Abin da aka yi kaɗan, dila ba ya gaggawar rabuwa da shi. Za ka tarar da 330i jere a filinsa suna jiran mai saye, 430i kuwa wataƙila biyu ko uku. A kan wacce kake jin zai yi maka ragi? In dai siffar ce ta tsole maka ido, akwai 4 Series Gran Coupe, mai ƙofa huɗu da kwantaccen rufi, but ɗinta kuma yana buɗewa har da gilashin baya. Nan ne iyakar sassaucin da zan yi maka.

Amma gaskiya ba yawan ƙofa ne ya sa na ɗauki biro ba, takardar nan ce. Babu komai a kanta sai kuɗin wata da kafin alƙalami da adadin mil, kuma ka ce tambayar farko da ya yi maka ita ce nawa za ka iya biya a wata, kai kuma ka faɗa masa. Dakta! Ko a Kantin Kwari wa ya taɓa gaya wa mai shago abin da ke aljihunsa kafin ya taya? Da zarar ya ji adadin, ya san inda zai tsaya, sauran lambobin kuma sai ya jujjuya su har su ba da wannan adadin.

Bari in warware maka yadda lis yake. Ba sayen motar kake yi ba, kamfanin kuɗi ne ke saye daga hannun dila ya ba ka haya, yawanci wata 36. Abu biyu kake biya: darajar da motar za ta zubar a hannunka, da ladan kuɗin da suka zuba. Lambobi uku ne ke haifar da kuɗin watan. Akwai farashin da kuka daidaita a kai. Akwai ƙimar saura, wato abin da suka ƙiyasta motar za ta kai ranar da za ka mayar. Ana lissafa ta a kan farashin da mai ƙera motar ya liƙa a jikin gilashi, MSRP, kamfanin kuɗin ne ke yanke ta, dila ba shi da ikon taɓawa. Sai wata 'yar lamba mai sifili da yawa da suke kira mani fakta. Ka ninka ta sau 2,400, za ta nuna maka kuɗin ruwan shekara.

Ga misali da lambobin da na ƙaga don sauƙin lissafi. A ce farashin gilashi dala 50,000 ne, ƙimar saura kashi 58 cikin ɗari, wato 29,000. In ka yi ciniki aka sallama maka a 46,000, abin da za ta zubar 17,000 ne, a raba wata 36 ya zama 472. Ladan kuɗin kuma sai a haɗa 46,000 da 29,000 a ninka da mani fakta, in 0.0020 ce, wato kashi 4.8, ya ba da 150. Jimilla 622 kafin haraji. Da ba ka taya ba ka karɓa a 50,000, da 741 za ka riƙa biya. Bambancin ya haura dala 4,000 a shekara uku, a kan mota ɗaya, launi ɗaya. Mutane da yawa suna zaton tunda haya ce ba a cinikin farashi, dila kuwa ba zai gyara musu zaton ba.

Ita 'yar lambar nan ka sa mata ido sosai. Kamfanin kuɗi yana ba dila tushenta, amma ya bar masa damar ya ɗora wani abu a kai ya ci. In ya mayar da 0.0020 ta zama 0.0024, ido ba ya ganin komai, amma dala 30 ce kowane wata, 1,080 kafin ka mayar da mota. Ka tambaye shi kai tsaye: nawa ce ta asali, nawa ka rubuta mini? Tushen ya danganta da makinka na bashi, wato makin da ake ba mutum bisa yadda yake biyan bashinsa, kuma tunda ka daɗe kana biyan katinka a kan kari, ba ka da dalilin karɓar ta masu rauni. Dokar hayar kaya ta 1976 ta wajabta musu su rubuta maka farashin da aka gina lissafin a kai, da ƙimar saura, da jimillar ladan hayar kafin ka sa hannu, sai dai ba ta tilasta su bayyana mani fakta ba. Sai ka tambaya.

Kada ka koma wurinsu da ƙafarka tukuna. Ka zaɓi motar da launinta da kayan da kake so a ciki, ka aika wa diloli huɗu ko biyar imel iri ɗaya, har da na Wisconsin da na Chicago, ka ce su turo farashin sayarwa kafin a cire rangwamen kamfani, da duk kuɗaɗen da za su ɗora. Wanda ya ce sai ka zo a zauna, ka wuce shi. Mafi ƙanƙanta da ka samu ka nuna wa sauran. Ka kuma dace da lokaci, domin ƙarshen wata, balle ƙarshen Disamba, suna neman cike adadin da aka ɗora musu, a nan manaja kan sallama abin da ya ce albarka a kansa ranar biyar ga wata. Ka tambayi motocin da suke ba masu kawo gyara aro. Sukan yi 'yan dubban mil, ana iya ba da su lis kamar sababbi, ragin kuma ya fi tsoka.

Kafin alƙalamin da ya rubuta, ka soke shi. Na san tarbiyyarmu ta gida, mutum ya fi son ya zube kuɗi da yawa a farko don nauyin wata ya ragu. A lis wannan ba dabara ba ce. In motar ta yi hatsarin da ba ta gyaruwa, ko aka sace ta a wata na uku, inshora kamfanin kuɗi za ta biya tunda shi ne mai mota, abin da ka zuba kuwa da wuya ka sake ganinsa. Ka biya watan farko da kuɗin lamba, sauran su shiga cikin na wata. Ka tabbatar kuma yarjejeniyar tana da GAP, mai cike giɓin da ke tsakanin abin da inshora ta biya da abin da ake bin ka. Daga nan za su shigar da kai wani ɗan ofis a yi ta yi maka tallar maganin fenti da ƙarin garanti. Garantin BMW shekara 4 ne ko mil 50,000, ga sabis kyauta na shekara 3 ko mil 36,000, ka ga garantin ya rufe zaman motar a hannunka. Na taya da wili kaɗai za ka iya saurara, saboda ramukan da hunturu ke bari a titunanku, shi ma ka taya.

Mil kuma kada ka yaudari kanka. Ka ce mil 25 ne daga gida zuwa aiki. Zuwa da dawowa 50, kwana biyar a mako, ka ga aiki kaɗai ya cinye wajen 12,000 a shekara, ba a sa masallaci da cefane da ziyarar 'yan'uwa a Chicago ba, wadda ita kaɗai kimanin mil 400 ce zuwa. Takardarsa 10,000 ta ce, don kuɗin watan ya yi kyan gani. Duk mil ɗin da ya haura za a caje ka wajen senti 25. Ko da 12,000 ka karɓa ka yi 15,000, rarar 9,000 ce a shekara uku, dala 2,250 a dunƙule ranar mayarwa. Ka karɓi 15,000 tun yanzu, ya fi araha. Haraji ma ka duba yadda ya shigar da shi. Mu a Texas kashi 6.25 ake karɓa a kan farashin motar gaba ɗaya ko da haya ce, ku kuwa a kan jimillar kuɗin hayar ake lissafawa, a karɓa tun farko. Saboda haka kada ka gwada kuɗin watanka da na wani a wata jiha ka ce an cuce ka ko ka ci riba.

Na san Madam za ta ta da maganar kuɗin ruwa, kuma tana da gaskiya. Ta wata fuskar ijara ce, tunda motar ba ta zama taka ba, haya kake biya. Ta wata fuskar kuma akwai tarar jinkiri da sharuɗɗan inshora da wasu malamai ba su natsu da su ba. Ni ba zan yi maka fatawa ba. Ka karɓi kwafin yarjejeniyar ka kai wa limaminku ya karanta da idonsa, kada ka ba shi labari da baki, don na san yadda za ka tsara labarin.

Sai batun da ka sako a ƙarshen saƙonka, wai bayan shekara uku ka sa ta a jirgi zuwa gida. Muddin tana lis takardun mallaka suna hannun kamfani, ba ta fita ƙasar. Sai wa'adi ya cika ka saye ta a kan ƙimar sauran da aka rubuta tun ranar farko. Wani lokaci wannan kan zama alheri: a 2021 da 2022, da ƙarancin na'urorin lantarki ya tsayar da masana'antu, tsofaffin motoci sun yi tsadar da ta wuce ƙimar da ke cikin yarjejeniyoyi, masu lis da yawa suka saya suka sayar da riba. Amma ba kullum ake samun haka ba. Kuma in Kano ce makomarta, ka tambayi kowane dillali nawa ake neman mai ƙofa biyu, sannan ka tuna da tudun rage gudu na unguwarku da yadda cikinta ya kusa taɓa ƙasa. Fita kafin wa'adi ma tsada gare ta ƙwarai, don haka in akwai yiwuwar ku tashi ko iyali su ƙaru, ka faɗa wa kanka gaskiya tun yanzu.

Ka koma ka ce ya ba ka cikakkiyar takardar lissafi ta 330i xDrive, wata 36, mil 15,000, babu kafin alƙalami, ka ɗauki hotonta ka turo mini kafin ka sa hannu a komai. Ko tsakar dare ne ka turo, zan duba. In ya ce tayin na yau ne kaɗai, ka yi masa godiya ka tafi gida, zai kira ka.

Ka gaishe da Madam da kyau, ka ce mata ina bayanta a wannan magana. Ka shafa mini kan yara. In kun yi waya da Hajiya ka isar mata da gaisuwata, ka ce muna nan muna jiran zuwanta. Mutanen gidana duk suna gaishe ku.

Wassalam,
Naka har kullum,
Abokinka na Houston