Wasiƙar godiya ga ofishin dillalan inshorata da ke Wuse, Abuja

Assalamu alaikum.

Na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ne saboda sunan da inshora ta yi a ƙasar nan: a karɓi kuɗinka da fara'a, ranar biya kuma a yi ta yi maka jeka-ka-dawo. A wurinku na tarar da saɓanin haka, kuma yabon gwani ya zama dole.

Kwanakin baya, a cunkoson shataletalen Berger, wani bawan Allah ya gogi motata ta baya. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi. Bamba ta lotsa, fitila ɗaya ta tsage, fenti ya ɗan kwaile. Ina da babbar inshora, wadda ta haɗa har da lalacewar motata, don haka na zo ofishinku da niyyar cike takardar neman diyya.

Hajiyar da ke teburin diyya ba ta miƙo mini fom nan take ba. Cewa ta yi, "Alhaji, zauna mu yi lissafi tukuna." Ta buɗe yarjejeniyata, ta ɗora biro a kan layin da ya ce a kowace ɓarna ni zan fara ɗaukar naira 50,000 kafin kamfani ya cika sauran. Mai gyaran jikin mota a Apo kuwa naira 85,000 ya yanka mini, har da fenti. Ke nan abin da zai shigo hannuna 35,000 ne. Sannan ta nuna mini rangwamen da ake yi mini wajen sabuntawa saboda ban taɓa neman diyya ba, wanda zan iya rasawa, kuma a lissafinta ya zarce wannan 35,000 ɗin. Ta ƙara da maganar lokaci: mai duba ɓarna sai ya ga motar kafin a taɓa ta, ni kuma da ita nake kai yara makaranta daga Kubwa kowace safiya.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta yanke mini hukunci ba. Ta ce haƙƙina ne, in na ce a nema, a ranar za ta tura. Amma ta ja kunnena a kan abubuwa biyu. Na farko, ko zan biya da aljihuna, a sanar da kamfani a rubuce tare da hotuna, don jinkirin sanarwa na iya zama dalilin ƙin biya in wata matsala ta ɓullo daga baya. Na biyu, kada in amince da abin da ido ya gani kawai, a cire bambar a duba ƙarfen da ke bayanta, don da shi ya lanƙwashe lissafin gaba ɗaya ya canja. Aka cire, aka tarar lafiya lau. Na biya da kaina, hankalina kwance.

Ta kuma duba lambar motar wanda ya goge ni a rumbun bayanan inshora na NIID, sai ga shi takardarsa ta bogi ce, irin wadda 'yan ka-yi-na-yi ke haɗa wa mutum tare da takardun mota. Mutumin ya ba ni tausayi ƙwarai, don bai sani ba. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗin ƙaramar inshorar motar gida, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani, daga naira 5,000 zuwa 15,000, diyyar dukiya kuma ta kai har naira miliyan 3. Da tasa ta gaskiya ce, da kamfaninsa ne zai gyara mini mota. Hajiya ta ce in turo shi, aka yi masa sahihiya ba tare da an ci masa fuska ba.

Ina godiya gare ta, da manajan da ya horar da ma'aikata a kan faɗin gaskiya, da matashin da ya fito cikin rana ya ɗauki hotunan motar. Allah Ya saka muku da alheri, Ya sanya albarka a kasuwancinku, Ya tsare mu a kan hanya.

Naku,
Wani abokin hulɗarku daga Kubwa, Abuja