Na Bar Garin Kaduna, Na Buɗe Masauki a Kagoro

Ranka ya daɗe Edita,

Ina neman ɗan fili a jaridarku. Shekara 22 na yi ina aikin jinya a garin Kaduna, ina zaune a Unguwar Rimi. Da na yi ritaya sai na sayar da filina, na koma Kagoro, na gina ɗakuna biyar a gindin dutse. 'Yan'uwa suka yi mini ca, wai wa zai biya kuɗi ya kwana a ƙauye?

To, alhamdulillahi suna zuwa, galibi ma'aikata masu fama da hawan jini da rashin barci. Bayan asuba mu taka ƙafa zuwa dutse, mu dawo a sha shayin citta da zuma. Cittar ta Kachia ce, ƙamshinta kaɗai ya wartsake mutum. Mata kuma ina yi musu tausa da man kaɗanya. Wani bawan Allah ya kwana uku, ya ce rabonsa da barci irin wannan tun kafin azumi.

Kukana hanya ce. Bara da damina motar baƙi ta maƙale a laka kafin ƙofata, sai da matasa suka tura. Masu zuwa ganin ruwan Matsirga mai zubowa daga kan dutse, da bikin Afan na al'adar mutanen Kagoro da ake yi 1 ga Janairu, ta nan suke bi. Ina roƙon hukuma ta dube mu kafin ruwa ya sake sauka.

Taku,
Wata mai karatu daga Kagoro