Wutar arewacin Benin ba ta da nisa da Birnin Gwari

Assalamu alaikum Edita, dan Allah a ɗan ba ni fili.

Ni sana'ata ɗauko motocin Kwatano in kawo Kaduna, shi ya sa duk labarin Jamhuriyar Benin nake kasa kunne. Mutanenmu in an ce ta'addanci Borno ko Zamfara kawai suke kallo, alhali ga ƙaramar ƙasa nan a maƙwabta ta fara jin jiki. A watan Afrilun 2025 mayaƙan JNIM masu alaƙa da Alƙa'ida suka kai hari yankin gandun dajin W, gwamnatin Benin da bakinta ta ce sojojinta 54 suka mutu, kuma ko wata huɗu ba a yi ba da kashe wasu 28 a Janairu. Tun 2022 suka kafa rundunar Mirador, sojoji wajen 3,000, toh amma ina 3,000 za su kai a wannan ƙungurmin dajin da ya haɗa Benin da Nijar da Burkina Faso, ga maƙwabtan ba a ga maciji da su tun juyin mulkin Nijar na 2023, har gadar Gaya da Malanville aka toshe, ita kanta Benin ɗin ta koka cewa ba ta samun haɗin kansu.

Abun da ya sa na rubuto shi ne abun da idona ya gani. Akwai lokacin da na biyo ta wajen Borgu, wallahi Edita ɗan acaɓa ya ɗauke ni daga wani ƙauye na Benin ya sauke ni cikin Najeriya ban ma san mun tsallaka ba, sai da na ga mai shayi yana karɓar naira maimakon sefa. Babu shinge babu kowa. Shingayen duk suna kan kwalta, can ma da na iso da mota tambayar ita ce akwai shinkafa, na ce babu, aka karɓi na goro aka ɗaga min katako, ko but ba a buɗe ba. Wanda ya ɗauko bindiga ai ba zai bi kwalta ba dama.

Kuma ku duba taswira, daga can sai dajin Kainji, sai dazukan jihar Neja, sai Kamuku a Birnin Gwari inda 'yan Ansaru, ƙungiyar da ta ɓalle daga Boko Haram, suka daɗe da samun wurin zama. Mu da muka ga harin jirgin ƙasa na Maris 2022 da sace ɗaliban Kuriga a 2024 ba sai an yi mana bayani ba.

An rufe boda a 2019 sama da shekara, shinkafa ta yi tsada, hanyoyin daji kuwa ko gezau. Ni dai roƙona ga wakilanmu na Kaduna a Abuja, su matsa a riƙa sintiri na haɗin gwiwa da sojojin Benin ta ɓangaren Kebbi da Neja da Kwara, a kuma jawo masu unguwanni da 'yan acaɓan ƙauyukan nan a jiki, su suka san kowace ɓarauniyar hanya da wanda ya bi ta jiya da daddare.

Naku mai karatu kullum,
daga Tudun Wada, Kaduna.