Godiya ga ofishin horar da hafsoshin sojin ruwa na jami'ar ɗana

Zuwa ga kwamanda da ma'aikatan ofishin NROTC, wato shirin horar da hafsoshin sojin ruwa, na jami'ar da ɗana yake karatu a nan Amurka, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Na zaɓi in yi wannan godiya da Hausa, a bainar jama'a, domin iyaye 'yan'uwana mazauna ƙasar nan su ji yadda aka karɓe mu. Ɗana yana cikin shirin nan da aka kafa tun 1926, wanda rundunar sojin ruwa take biya wa ɗalibi kuɗin jami'a, shi kuma ya yi mata aiki na aƙalla shekara 5 idan ya fito hafsa. Da ya gama shekarar farko, sai lokacin horon bazara ya zo, wanda suke kira CORTRAMID, na mako 4, a San Diego ko a Norfolk.

Abin da ya hana mu barci shi ne takardar tantancewar tsaro, wadda sai an cika ta kafin a bar yaro ya shiga wasu jiragen yaƙi. Takardar tana neman sunan iyaye da 'yan'uwa, har da 'yan uba, da ranar haihuwa da garin haihuwar kowannensu, da duk wani ɗan ƙasar waje da ake hulɗa da shi ta kusa. Duk Bahaushe ya san nauyin wannan tambaya a gidanmu. Ɗana yana da yayye uku a gida Najeriya, babbarsu a ƙauye aka haife ta, ba ta da takardar haihuwa sai ta rantsuwar shekaru daga kotu, ni kaina kuma an rubuta sunana iri biyu a takarduna. Na taɓa kai irin wannan matsala wani ofishi kan wata buƙata dabam, aka bar ni zaune tun safe, daga ƙarshe wanda na tarar yana ganin garin haihuwata ya sauya fuska, ya sallame ni ba tare da bayani ba. Don haka na sa a raina cewa yaron nan zai rasa tafiyar.

Sai Allah ya haɗa shi da wata dattijuwa farar hula da ke kula da takardun ɗalibai a ofishinku. Ta zaunar da shi, ta bi takardar da shi layi bayan layi, ta nuna masa inda ake alamta cewa ranar haihuwa ƙiyasi ce, ta kuma gargaɗe shi kada ya ɓoye kowa daga danginsa, domin ɓoyewar ce take jawo zargi. Da na raka shi karo na biyu, sai ta miƙe ta gaishe ni, ta tambayi yadda ake faɗin sunana daidai, ta kuma maimaita har ta iya. Shekaruna da yawa a ƙasar nan, kaɗan ne suka taɓa yi mini haka. Bayan an miƙa takardar ma ba ta manta da shi ba, ita ce ta kira shi ta sanar da shi cewa komai ya kammala.

Ya je Norfolk ya dawo lafiya. Ya yi mako guda da jiragen yaƙi na kan ruwa, guda da na ƙarƙashin teku, guda da matuƙa jiragen sama, guda kuma da sojojin kundumbala na Marine, kuma tikiti da masauki duk an shirya su a kan lokaci.

Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda wannan ɗan mutuncin da aka yi mana ya zama abin mamaki. A ofisoshi da dama, a nan da can gida, mai buƙata ba ya jin komai sai je ka dawo gobe, oga bai zo ba, fayil ya ɓata, har yaro mai hazaƙa ya rasa damarsa saboda takarda guda wadda minti goma ya isa a gyara ta. Ina da ɗan ƙane da ya yi shekara yana zarya kan gyaran harafi ɗaya a sunansa, har yau ba a gyara ba.

Ina roƙon kwamanda ya isar wa wannan baiwar Allah godiyata da ta mahaifiyar ɗana. Allah ya saka muku da alheri, ya kuma kiyaye yaran da za su fita teku a bazara mai zuwa.

Naku,
Mahaifin ɗaya daga cikin ɗalibanku